Gaskiya ko Jita-jita: Wai Ana Iya Matse Gem Mai Giga Huɗu Ya Koma MB 10?

Daga Achida zuwa Wurno, daga Rabah zuwa Goronyo, har ƙauyuka irin su Magarya, shagon caji ya daɗe da wuce wurin cajin waya kawai. A nan ake tura wa'azi da waƙa da fassarar fim ɗin Indiya, yanzu kuma an ƙara da gem. Yaro zai miƙo waya ya ce, "Yaya, sa mini PES, amma matsattse, memorin ga ya cika." Mai shago ya karɓa ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Kawo, ƙane, wanga ai matsattse na."

Buƙatar ta gaske ce. Wayoyin da yawancin samari ke riƙewa ba su da wurin ajiya mai yawa, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Mutanen wannan yanki sun kuma ɗanɗana zama babu sabis ɗungurungum: a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Rabah da Goronyo. A lokacin, abin da ke cikin memorinka shi ne naka, wanda ke intanet kuwa sai dai labari. Saboda haka duk wanda ya iya sa fayil ya ƙanƙance yana da daraja a shago. Sai dai maganganun da ake yi kan wannan matsewa sun cakuɗe, akwai na gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda tarko ne tsagwaronsa.

"Duk abin da aka matse sai ya rage kyau"

Masu faɗin haka ba daga sama suka ɗauko ba. Kowa ya ga bidiyon biki da ya bi ta WhatsApp hannu biyar ya dawo fuskoki sun dagule. Wannan gaskiya ne, amma iri ɗaya ne cikin iri biyu na matsewa, kuma ba shi ake yi wa gem ba.

Iri na farko yana zubar da wani abu. Hoton JPEG da sautin MP3 da bidiyon MP4 duk haka aka gina su: ana cire abin da ido ko kunne ba zai lura da rashinsa sosai ba, kuma abin da aka cire ya tafi ke nan. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo ta wannan hanya sai an ƙara zubar da wani abu. Shi ya sa wanda ya san kan waya yake tura hoto a matsayin takarda idan yana son ya isa yadda yake.

Iri na biyu ba ya zubar da ko ɗigo. Shi ne na ZIP da RAR da 7z, kuma dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Ɗauki jerin sunayen manoman da za a raba wa taki, mutum 200, kowanne an rubuta "Ƙaramar Hukumar Wurno, Jihar Sakkwato" a gaban sunansa. Manhajar matsewa za ta rubuta wannan jimla sau ɗaya, a sauran wurare 199 kuma ta sa 'yar alama mai cewa koma baya haruffa kaza, ka kwafo guda kaza. Wannan ita ce dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977. Sai a haɗa ta da wata da David Huffman ya fito da ita a 1952, wadda ya gano yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka: harafin da ya fi yawan fitowa a ba shi gajeriyar lamba, wanda ba ya cika fitowa a ba shi doguwa. A rubutun Hausa harafin "a" ne zai sami mafi gajarta, ba sai an yi gardama ba. Waɗannan biyun ne ke aiki a cikin ZIP, tsarin da Phil Katz ya fitar a 1989. RAR na Eugene Roshal ya biyo baya a 1993, sai 7-Zip na Igor Pavlov a 1999.

Idan aka kwance fayil ɗin da aka matse ta wannan hanya, abin da ya fito daidai yake da na asali, ba kama ba, shi ne ɗin. ZIP ma yana ajiye wata lambar tantancewa ga kowane fayil, idan abu ya canza a hanya ya yi ƙorafi. Gem shiri ne na kwamfuta, lamba ɗaya ta gurɓace yana iya ƙin tashi, don haka tsare-tsaren da ake matse shi da su, irin su CSO da CHD da ZSO, duk na wannan iri ne. Filin ƙwallon PES da ke cikin CSO ba ya rage kore ko kaɗan.

"Akwai manhajar da ke matse komai"

A nan ne aka fi cin kuɗin mutane da datarsu. Za ka ga bidiyo a YouTube ko saƙo a guruf an rubuta GTA 5 a MB 10, ko a MB 50. Wasan nan da ya fito na kwamfuta a 2015, a faifan DVD bakwai aka sayar da shi. Babu wata manhaja a duniya da za ta mai da shi MB 10, kuma ba don ba a ƙirƙiro ta ba tukuna. Lissafi ne ya hana.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Idan fayil yana da gurbi uku, ana iya cika shi ta hanyoyi takwas daban-daban. Fayilolin da suka gaza shi tsawo, masu gurbi ɗaya da masu gurbi biyu, duka-duka shida ne. Ba yadda za a yi abu takwas su raba mazauni shida ba tare da biyu sun haɗu a wuri ɗaya ba, idan kuma suka haɗu, wajen kwancewa ba a san wanne za a dawo da shi ba. Wannan hujja tana nan komai girman fayil. Duk manhajar da ta rage wasu fayiloli, dole akwai waɗanda ba za ta iya ragewa ba. Tun 1948 Claude Shannon ya nuna cewa kowane saƙo yana da iyakar da ba a matse shi a wuce ta sai an yi asara.

Manomi ya san wannan ba tare da lissafi ba. Buhun auduga kana iya hawa kansa ka danna ya koma rabi, domin iska ce ta cika shi. Buhun shinkafar fadamar Wurno kuwa ko wa ya hau ba ya raguwa, in ka ga ya ragu to an ɗebi mudu. Rubutu da wuraren da ba komai a cikin fayil su ne audugar. Bidiyo da waƙa da hoto, waɗanda an riga an matse su tun wajen yin su, su ne shinkafar. Shi ya sa idan ka sa fim ɗin MP4 a ZIP da kyar yake rage wani abin kirki, idan kuma ka sake matse ZIP a cikin wani ZIP sau da yawa ma ɗan ƙaruwa yake yi.

To me ya sa wasu gem ɗin suke raguwa sosai, har mutum ya gani da idonsa? Saboda ciko. Fayil ɗin ISO kwafin faifai ne sukutum, har da wuraren da ba a yi amfani da su ba. Faifan DVD na PS2 yana ɗaukar GB 4.7, na PSP yana kaiwa GB 1.8, kuma ba kowane wasa ne ke cika su ba. Wasu kamfanoni da gangan suke cusa wani ƙaton fayil na banza don su tura ainihin wasan zuwa bakin faifai, inda na'ura ta fi saurin karantawa. Idan cikon nan sifili ne zalla, matsewa tana haɗiye shi kusan gaba ɗaya. Wasa biyu masu girma ɗaya a ido, ɗaya ya koma rabi, ɗaya ya ƙi motsi, manhaja ɗaya kuwa aka yi musu amfani da ita. Ba gwanintar mai shago ba ce, ba kuma gazawarsa ba.

Nintendo ta ma fi wahalar da mutane a nan. Cikon faifan GameCube da Wii ba sifili ba ne, tarkacen lambobi ne masu kama da na kara-zube, waɗanda ZIP ba ya iya yi musu komai. Masu manhajar Dolphin, mai kwaikwayon waɗannan na'urori, sai da suka fito da tsarin RVZ a 2020, wanda ya gane ƙa'idar da ake samar da tarkacen, yake ajiye ƙa'idar kawai maimakon tarkacen kansa.

Akwai wani sanannen fayil da ake kafa hujja da shi, mai suna 42.zip. Girmansa kusan KB 42 ne, amma idan aka kwance shi duka yana kaiwa fetabait 4.5, wato giga miliyan huɗu da rabi. Gaskiya ne yana nan. Amma abin da ke cikinsa maimaici ne kan maimaici, an yi shi ne don ya shaƙe kwamfutar da ta yi gangancin buɗe shi. Ba wasa a ciki, ba fim, ba komai.

Saura waɗanda ake turawa a shago, PES mai MB 300 ko 400 da yake tashi lafiya lau. Wasu daga cikinsu an ɗebi mudu ne: an cire bidiyon buɗewa, an cire harsunan da ba a buƙata, an rage ingancin sauti, wani lokaci a cire mai sharhi gaba ɗaya. Ni ban ga laifin wannan ba ga mai ƙaramar waya, muddin ya san abin da ya karɓa. Abin da ya kamata ya sani kuma shi ne, Konami ta daina fitar da PES na PSP da PS2 tun bayan PES 2014. Duk wani "PES 2025" da ke tashi a manhajar PPSSPP, mai kwaikwayon PSP a waya, tsohon wasa ne da masu sha'awa suka canza wa riguna da sunayen 'yan wasa da fuskoki, wasu har su liƙa masa muryar mai sharhi Peter Drury. Aiki ne na ƙwazo, amma injin ciki ya haura shekara goma.

Na MB 10 kuwa, alamominsa ba sa ɓuya. Ko ya nemi kalmar sirri da sai ka shiga wani shafi ka cike tambayoyi, ko ka kwance ka tarar da wata manhaja da ke neman izinin karanta saƙonninka. A wayar da ake karɓar lambar banki da ita, wannan ba abin gwaji ba ne.

"Matsewa ce ke sa gem maƙalewa"

Wani lokaci haka ne. A kan ainihin na'urar PSP, wasannin da ke karanta faifai ba tsayawa, irin su GTA: Vice City Stories, an san su da tsaitsayawa idan CSO ne, domin ƙaramin injin na'urar yana kwancewa yana kuma tafiyar da wasa a lokaci guda. Wayar Android ta yau ta fi PSP ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma CSO an yi shi ne gutsure-gutsure, ana kwance gutsuren da ake buƙata kawai. Idan wasa yana jan ƙafa a PPSSPP, a fara duba ƙarfin wayar da saitin hoto, da kuma ko ta yi zafi.

A gidajen gem masu PS2 kuwa ana ɗora wa matsewa laifin da ba nata ba. Yawancinsu sun bar faifai, ƙurar hunturu ta gama da idon na'urar, sun koma loda wasa daga filash ta manhajar OPL. Sai bidiyon cikin wasa ya riƙa yankewa, a ce ai don an yayyanka fayil ɗin ne. Yankawar dalilinta daban: filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai GB 4, shi ya sa USBUtil ke raba wasa gida-gida, kuma ba ya cire komai. Mai laifin shi ne ramin USB na PS2 ɗin kansa. Na'urar ta fito ne a 2000 da USB 1.1, wanda iyakar gudunsa megabit 12 ne a daƙiƙa, ƙasa da gudun faifan da aka tsara wasan a kai. Ko wane irin filash ka saya, ƙofar ke nan.

"An cuce ni, memorin bai cika ba"

Idan ka sayi mai GB 32 ka ga kwamfuta ta nuna wajen 29.8, ba a cuce ka ba. Kamfani yana lissafa giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana lissafa shi a 1,073,741,824. Mai 64 zai nuna wajen 59.6.

Cutar gaske ba ta nuna kanta haka. Memorin jabu yana nuna cikakken 64, alhali abin da ke cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar duk abin da aka tura masa, sunayen fayiloli suna nan reras, sai ranar buɗewa manhajar ZArchiver ta ce fayil ya lalace. Daga nan a zagi mai turi, ko a ce bairos ne, ko a ce matsewar ce ta ɓata shi. Akwai 'yar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika memori dam da bayanai sannan ta karanto su ta faɗi nawa ne suka dawo daidai. Tana cin lokaci, a kan yi sa'o'i idan memorin babba ne. Duk da haka ina ganin mai shagon da ke sayar da memori ya kamata ya gwada ko guda ɗaya daga kowane kwalin da ya saro.

"Jerin umarni aikin 'yan kutse ne"

Mai shago da ke da wasa 80 a hadis ɗin kwamfuta, idan zai matse su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ranar ta tafi. Abin da masu kwamfuta ke yi shi ne su rubuta ɗan gajeren jerin umarni, layi goma ko goma sha biyar, su bar na'ura ta yi ta maimaitawa. Saboda baƙin allo da fararen haruffan da ke gudu a kai, wasu suna ganin abin kamar na masu satar asusun mutane. Babu alaƙa. Ana rubuta shi a Notepad, ko a waya ta manhajar Termux, kuma abin da yake cewa bai wuce haka ba: shiga wannan folda, duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .iso ka miƙa wa manhajar matsewa, ka ajiye sakamakon a waccan folda, ka wuce na gaba. Ainihin aikin wata manhaja ce ke yi, misali chdman ta masu MAME, da umarni irin wannan:

chdman createdvd -i wasa.iso -o wasa.chd

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, a san na'urar da za ta karanta. CHD yana aiki a manhajar PCSX2 mai kwaikwayon PS2 da sababbin fitowar PPSSPP, amma ainihin PS2 mai OPL ba ta san shi ba, ZSO take karɓa a sababbin fitowa. 7z sau da yawa ya fi su matsewa, amma ba a buga wasa a cikinsa, sai an kwance, wato sai kana da wurin da zai ɗauki matsattsen da kwantaccen a lokaci ɗaya. Ga mai wayar da ta cika, ribar ta koma ciki.

Jita-jitar da ta fi wannan haɗari ita ce ta ɗaya ɓangaren, ta masu ɗan sani: wai kwamfuta ba ta kuskure, don haka a ƙara layi ɗaya mai cewa goge na asali da zarar an gama. Wannan layin ne ke kashe mutane. A ce janareta ya shanye mai ana tsakiyar wasa na 30, ko hadis ya cika, ko sunan wasa yana da tazara a tsakiya, kamar God of War, ba a sa shi cikin alamar zance ba, umarnin ya ɗauke shi abu uku. Matsewar ba ta kammala ba, amma layin gogewa bai san haka ba sai in an gaya masa ya tambaya.

Ba ƙananan masu koyo kaɗai abin ke samu ba. A watan Janairun 2015 an gano kuskure a jerin umarnin da ke tayar da Steam, babbar kasuwar gem ta kamfanin Valve, a kwamfutoci masu Linux. Akwai layin da ke cewa goge duk abin da ke cikin foldar Steam. A wani yanayi sunan foldar yakan zo fanko, sai umarnin ya koma goge duk abin da mai kwamfutar ya mallaka. Mutumin da ya kai ƙorafin ya rasa fayilolinsa, har da hadis ɗin waje da yake ajiyar kwafi a ciki, domin yana jone a lokacin.

Jerin umarni mai hankali yana matsewa zuwa wata folda daban, ya duba ko manhajar ta ce ta gama lafiya, ya tantance da chdman verify ko 7z t, ya rubuta sunan duk wanda ya gaza a wata takarda. Gogewa kuma a bar wa mutum, bayan ya tayar da wasan ya gani. Kuma a fara gwada shi kan kwafin wasa biyu, ba kan hadis ɗin da shago ke ci da shi ba.

"Ina da kwafi, ai yana cikin wayar"

Kwafin da ke zaune a na'ura ɗaya da na asali, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa tare za su tafi. Memorin da aka jefa a aljihun tebur ma ba dawwamamme ba ne. Yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri, ga shi a ƙasar Sakkwato watan Afrilu yakan haura digiri 40, balle a shagon kwano. Kiran fayil kwafin ajiya kuma ba ya mai da shi naka idan ba ka taɓa mallakar wasan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana nan, ko da ba a cika jin ɗuriyarta a shagunan turi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda ake kashe ƙarfi. Ana ta fama a rage ISO, wanda in ya ɓace akwai shi a shago na gaba, ko a wayar aboki ta Xender. Fayil ɗin sebin kuwa, inda Master League ɗin mutum yake da kofunansa da 'yan wasan da ya yi wata da watanni yana saye, babu mai shi a duniya sai shi, kuma ba wanda ke kwafarsa. Katin PS2 na asali gaba ɗayansa MB 8 ne. A PPSSPP sebin yana cikin foldar PSP, ƙarƙashin SAVEDATA, kuma na yawancin wasanni bai kai girman hoto ɗaya da kyamarar wayar ke ɗauka ba. A haɗa foldar a ZIP, a sa mata kwanan wata a suna, a tura wa kai a Telegram ko Google Drive ranar da sabis ya yi kyau, a kuma sa wani a memorin da ba ya kwana cikin wayar. Wanda zai kai waya a yi mata filashin, ya yi wannan kafin ya miƙa ta.